Takarda a aljihu, bindiga a ƙugu

Zancenmu na yau ya ƙetare teku, ya sauka ƙasar Amurka. A nan wajenmu, riƙe bindiga izini ne wanda hukuma ke bai wa wanda ta ga dama, ta kuma karɓe in ta ga dama. Can kuwa ƴanci ne wanda aka rubuta cikin kundin tsarin mulki tun shekara ta 1791. To, in hukuma da kanta ta ba mutum takardar yawo da bindiga, sa'annan ɗan sandan wannan hukuma ya tsayar da shi bisa hanya, me takardar ke tsinana masa? Kafin mu ce komai, bari mu fara da labarin wani mutum.

Ran 6 ga watan Yuli na shekara ta 2016, wajen ƙarfe 9 na dare, a wani ɗan gari mai suna Falcon Heights cikin jahar Minesota, wani ɗan sanda, Jeronimo Yanez, ya tsayar da wata farar mota. Mai tuƙi baƙar fata ne, sunansa Philando Castile, shekarunsa 32, aikinsa kula da abincin yara a wata makarantar firamare ta birnin Saint Paul. Kusa da shi budurwarsa Diamond Reynolds na zaune, ɗiyarta mai shekara huɗu tana kujerar baya. Ɗan sanda ya ce masa fitilar birkinsa ta mutu, ya nemi parmi da takardar inshora. Castile ya miƙa ta inshora. Sa'annan cikin ladabi ya ce: "Yallaɓai, ya kamata in gaya maka, akwai bindiga a jikina." Ɗan sanda ya ce kada ya kai hannu gare ta, kada ya fiddo ta. Castile ya ce ba fiddo ta yake yi ba, budurwarsa ma ta faɗi haka. Ba a yi sakan goma da maganarsa ta farko ba, Yanez ya saki harsashi bakwai cikin motar. Biyar suka same shi. Abin da ya iya faɗi kafin ransa ya fita shi ne, ba ita yake nufin ɗauka ba. Diamond Reynolds ta kunna wayarta, duniya ta ga sauran a Facebook.

Castile yana da takardar izinin yawo da bindiga, wadda hukumar gundumar Hennepin ta ba shi a 2015 bayan ya yi horon da doka ta ce, an kuma bincika tarihinsa. Abin da ya fi ba ni mamaki a nan shi ne, dokar Minesota ba ta tilasta masa buɗa baki ba. Abin da ta ce, mai takarda ya faɗi ko yana ɗauke da bindiga in ɗan sanda ya tambaye shi. Ba a tambaye shi ba. Shi ya ga dacewar ya faɗa, don kada a zo a gani a ce ya ɓoye. Watau ya yi fiye da abin da doka ta nema. An tarar da bindigar cikin aljihun wandonsa, da harsasai cikinta amma ba a ɗana ta ba. Ɗan sanda na biyu da ke tsaye ɗaya gefen motar ko taɓa tasa bindigar bai yi ba.

Mai gabatar da ƙara na gundumar Ramsey, John Choi, ya kai Yanez kotu cikin watan Nuwamba na 2016, bisa tuhumar kisa ba da niyya ba. Yanez ya ce shi ya ga hannun Castile bisa bindigar, ya ji tsoron ransa. Ran 16 ga Yuni 2017, mutum 12 da aka zaɓo daga cikin jama'a don su yanke hukunci suka wanke shi. Garin da yake wa aiki ya rabu da shi, aka kuma biya mahaifiyar mamacin, Valerie Castile, kusan dalar Amurka miliyon 3. Dalarsu fa nake nufi, ba dalarmu ta kasuwa ba. An biya diyya ke nan, amma kotu ta ce ba wanda ya yi laifi.

Ra'ayina shi ne, takardar da hukuma ta sa wa hannu alkawari ce, kuma alkawarin yana ɗaure ma'aikacin hukuma kamar yadda yake ɗaure talaka. In ba haka ba, gara kada a bayar da ita. Amma don mai karatu ya auna da kansa, sai mu duba abin da dokokin Amurka suka ce, gama ba abu ɗaya suka ce ba.

Gyara biyu na kundin tsarin mulkinsu ne suke karo a bakin tagar mota. Gyara na biyu ya ba jama'a ƴancin mallakar makamai da ɗaukarsu. A 2008 Kotun Ƙoli ta ce wannan ƴanci na kowane mutum ne a gidansa, ba na rundunar sa-kai kaɗai ba. Ran 23 ga Yuni 2022, cikin shari'ar da ake kira ta Bruen, ta ƙara da cewa ƴancin ya fita ƙofar gida, ya bi mutum titi da kasuwa, kuma jaha ba ta da ikon ce masa sai ya kawo wani dalili na musamman kafin ta ba shi takarda. Fiye da rabin jahohi 50 ma sun kai ga cewa baligin da ba shi da laifi yana iya ɗaukar ƙaramar bindiga cikin riga ba tare da wata takarda ba. Masu takardar kuwa an ƙiyasta sun haura miliyon 20. Gyara na huɗu shi ne ya hana a kama mutum ko a bincike shi ba bisa dalili ba. Muddin ɗaukar bindiga halal ne a gaban doka, ganin bindiga shi kaɗai bai kamata ya zama dalili ba. Haka hankali ya nuna. Sai dai ƙa'idodin tsayar da mutum bisa hanya an gina su ne tun zamanin da abin ba haka yake ba.

Tushensu shari'ar Terry ce. Cikin watan Oktoba na 1963, wani tsohon ɗan sandan ciki a birnin Cleveland na jahar Ohayo ya ga wasu mutane suna kai da kawo gaban wani kanti, suna leƙe. Ya yi zaton fashi suke shiryawa, ya tsayar da su, ya shafa rigunansu ta waje, ya ji bindigogi. A 1968 Kotun Ƙoli ta ce abin da ya yi daidai ne: ɗan sanda na iya tsayar da mutum na ɗan lokaci in yana da zato mai dalili cewa ana shirin aikata laifi, yana kuma iya shafa jikinsa in yana da dalilin zaton mutumin yana da makami, kuma yana da haɗari. A 1977, cikin shari'ar Mimms, kotun ta ƙara masa iko: in ya tsayar da mota bisa doka, yana iya ce wa direba ya fito, ko da ba wani dalili. Shi Mimms da ya fito sai aka ga tudu ƙarƙashin rigarsa, aka shafa, aka sami libarba cike da harsashi. A 1983 aka yarda ɗan sanda ya duba cikin mota inda hannu zai iya kaiwa in yana zaton akwai makami, a 1997 kuma aka ce fasinja ma ana iya fito da shi. A wancan zamani na Terry da Mimms, bindiga ƙarƙashin riga kusan kullum laifi ce. Wanda ya ɓoye ta, doka ya karya, saboda haka ba a wahala wajen ce masa mai haɗari.

A nan ne wanda ya saba da aikin fassara zai tsaya ya yi tunani, domin rigimar duka ta rataya ne ga kalma ɗaya. Kotu ta ce mai makami kuma mai haɗari. Shin sharaɗi biyu ne, kamar a ce ana neman mutum dogo kuma baƙi, inda dogon da ba baƙi ba bai shiga ciki ba? Ko kuwa sharaɗi ɗaya ne, watau mai makami, saboda haka mai haɗari? Duk wanda ya taɓa mayar da sanarwar hukuma daga Faransanci zuwa Hausa ya san irin ɓarnar da ƙaramar kalma ke yi in aka ajiye ta inda ba wurinta ba. Alƙalan Amurka har sun rabu bisa wannan.

A watan Janairu na 2017, wata kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya da ke zama birnin Richmond ta yanke shari'ar wani mai suna Robinson. An ba ƴan sanda labari ta waya cewa wani ya ɗura wa bindiga harsashi ya sa aljihu ya shiga mota. Suka tsayar da motar bisa laifin rashin ɗaura bel, suka shafa shi, suka sami bindigar. Gaskiya ne shi Robinson tsohon mai laifi ne wanda doka ta hana riƙe makami, amma lokacin da ake shafa shi ƴan sanda ba su gane haka ba tukuna. Lauyansa ya ce a jahar da mutanen kirki ke yawo da bindiga bisa doka, samun bindiga a aljihu bai nuna haɗari ba. Mafi yawan alƙalai suka ƙi. Suka ce haɗarin yana cikin haɗuwar abu biyu, tsayar da mutum ala tilas da kuma kasancewar makami, ko da mutumin yana da izini. Ɗaya daga cikinsu, James Wynn, wanda ya goyi bayan hukuncin, ya fito fili ya ce ma'anar abin ita ce, wanda ya zaɓi ɗaukar bindiga bisa doka ya rage wa kansa wata kariya da tsarin mulki ya ba sauran mutane. Alƙaliya Pamela Harris ta ƙi yarda, ta yi gargaɗin cewa an buɗe wa ƴan sanda ƙofa su zaɓi wanda za su laluba yadda suka so. Kotun Ƙoli ba ta karɓi ƙarar ba.

Wasu kotuna sun kalli abin ta wata fuska. A birnin Toledo na Ohayo, wani mutum, Shawn Northrup, ya fita yawo da matarsa da karensu, bindigarsa a fili rataye a ƙugu, abin da dokar jahar ta halatta. Wani ya kira ƴan sanda. Aka karɓe bindigar, aka sa masa ankwa, aka zaunar da shi cikin motar ƴan sanda. A 2015 kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya ta ce in majalisar jaha ta amince wa mutanenta su ɗauki bindiga, ɗan sanda ba shi da ikon soke wannan amincewa ta hanyar tsare duk wanda ya gani da ita. A 2019 kotun ƙolin jahar Fensilbaniya ta faɗi kamar haka cikin shari'ar Hicks: ba a tsayar da mutum don kawai an gan shi da bindiga, a ce za a duba ko yana da takarda. Kotun Ƙoli ta tarayya ma tun 2000 ta ce wayar wanda bai faɗi sunansa ba, mai cewa wane yana da bindiga, ba ta isa dalilin tsayar da mutum ba.

In aka tattara, abin da ya rage wa mai takarda bai da yawa, amma akwai shi. A wurare da dama ba a tsayar da shi don bindigar kaɗai. In an tsayar da shi don laifin tuƙi, dole ya nuna parmi, ya fito in an ce ya fito. Yana iya ƙin yarda a bincike motarsa, yana iya yin shiru ga tambayar da ba ta shafi takardunsa ba, kuma tun 2015 Kotun Ƙoli ta hana a ja lokacin tsayawar fiye da abin da laifin tuƙin ke bukata, sai da sabon dalili. Bindigar kuwa, a jahar Tekzas doka ta yarda ɗan sanda ya karɓe ta na ɗan lokaci in yana ganin tsaro ya bukaci haka, ya mayar kafin su rabu in ba kama mutumin zai yi ba. Amma mu lura: dukan waɗannan haƙƙoƙi a gaban alƙali ake nemansu, bayan watanni. A bakin hanya ba a gardama. Kuma ba wuya a sami laifin tuƙi, gama tun 1996 Kotun Ƙoli ta ce in dai akwai ƙaramin laifi na gaskiya, ba a tambayar abin da ke zuciyar ɗan sanda. Yanez da kansa, kafin ya tsayar da motar, ya gaya wa abokin aikinsa ta rediyo cewa direban ya yi kama da wani ɗan fashi da ake nema, saboda faɗin hancinsa. Fitilar birki ita aka faɗa wa direba. Gidan rediyon NPR ya ƙirga, ya tarar ƴan sanda sun taɓa tsayar da Castile aƙalla sau 46 kafin wannan dare, galibi bisa ƙananan abubuwa.

Sai zancen faɗa ko shiru, wanda shi ne gaba kura baya sayaki. A jahar Mishigan doka ta ce mai takarda ya sanar da ɗan sanda nan take. A Karolina ta Arewa ma haka, kuma wannan ya shafi ƴan uwanmu, domin birnin Greensboro na wannan jaha yana cikin wuraren da ƴan Nijar suka fi yawa a Amurka. Ohayo tana da irin wannan doka, amma a 2022 ta sake ta, ta ce sai in an tambaya. Minesota, kamar yadda muka gani, sai in an tambaya. Mutum ya tuƙa awa biyu ya ƙetare iyakar jaha, shirun da yake halal can ya zama laifi nan. Takardar ma ba ko'ina take aiki ba. Cikin watan Oktoba na 2013, wata mata daga birnin Filadelfiya, Shaneen Allen, uwar ƴaƴa biyu, ta shiga jahar Niyu Jazi da ke maƙwabtaka da su. Aka tsayar da ita bisa ƙaramin laifin tuƙi. Da bakinta ta ce tana da bindiga, ga kuma takardarta ta Fensilbaniya. Niyu Jazi ba ta san da wannan takarda ba. Aka kama ta, ta fuskanci ɗaurin shekara uku ko fiye, sai da jama'a suka yi ta surutu, a ƙarshe gwamna Chris Christie ya yi mata ahuwa a 2015. Mutum biyu ke nan, kowane ya faɗi gaskiya ba a tambaye shi ba. Ɗaya ya kwana gidan kaso, ɗaya ya kwana kabari. Wane darasi ake so sauran masu takarda su ɗauka?

Kada mai karatu ya ce na manta da ɗan sanda. Ban manta ba, kuma tsoronsa ba ƙarya ba ne. Wata cibiyar bincike da ke Jeneba ta ƙiyasta a 2018 cewa bindigogin da ke hannun farar hula a Amurka sun kai miliyon 393, watau sun fi mutanen ƙasar yawa. Wanda ya tunkari tagar mota da dare a irin wannan ƙasa bai san abin da zai tarar ba. Ran 12 ga Janairu 1998, a jahar Jojiya, wani matashin ɗan sanda mai shekara 22, Kyle Dinkheller, ya tsayar da wani mutum don gudun wuce ƙa'ida. Ya yi ta ba shi umarni, ya jinkirta harbi, mutumin ya ɗauko bindiga daga mota ya kashe shi. Na'urar ɗaukar hoto ta motarsa ta ɗauki kome, har da kururuwarsa, kuma shekara da shekaru ana nuna wa sababbin ƴan sanda wannan hoto a makarantun horo. Wanda maciji ya sara, in ya ga igiya sai ya yi tsalle. Shi ya sa ban ga laifin dokar da ta ce ɗan sanda na iya tambaya, ko ya ajiye bindigar a gefe har a gama ba. Mai takarda na kirki ba zai ƙi wannan ba.

Inda na rabu da su shi ne wajen rabon kaya. Mutum biyu suna tsaye, kowane da bindiga, kowane da tsoro. Ɗaya an horar da shi, ana biyansa albashi, shi ya zaɓi wurin tsayawa da lokacin, yana da abokin aiki da rediyo, shi ke ba da umarni. Ɗayan yana zaune, ɗaure da bel, fitila na haska masa ido, da yarinya a baya. Amma ƙa'idar da Kotun Ƙoli ta kafa a 1989 ta ce a auna ƙarfin da ɗan sanda ya yi amfani da shi da idon ɗan sanda mai hankali da ke wurin a wannan lokaci, a kuma yi masa uzurin cewa cikin ƙiftawar ido yake yanke shawara. Shi farar hula ba a rubuta masa irin wannan uzuri ba. Ana so wanda ba a horar ba ya fi wanda aka horar natsuwa. Dubi abin da aka ce wa Castile. An ce ya kawo parmi, parmi kuwa yana aljihu. An ce kada ya kai hannu, ba a ce masa ya bar neman parmin ba. Ba a ce ya ɗora hannuwansa bisa sitiyari ba, ba a tambaye shi inda bindigar take ba. Umarni biyu masu cin karo, daga baki ɗaya, cikin minti ɗaya. Kowanne ya bi, ya saɓa wa ɗayan. Mu da muka yi makarantar horon malamai an koya mana cewa in yaro ya kasa bin umarni, malam ya fara duba yadda ya faɗe shi.

Akwai kuma abin da ba a so a faɗa, amma tarihi ya faɗa. Gwamnan Minesota na lokacin, Mark Dayton, ya ce bai yi tsammanin haka za ta faru ba da mutanen cikin motar farare ne. Babbar ƙungiyar masu bindiga, NRA, wadda ba ta barin a taɓa gyara na biyu ba ta yi ruri ba, ta fitar da ƴar gajeruwar sanarwa bayan kwana biyu, ko sunan mamacin ba ta ambata ba. Ba yau aka fara ba. A 1966 a birnin Oakland na Kalifoniya, samarin ƙungiyar Black Panther, watau Baƙar Damisa, suka riƙa bin motocin ƴan sanda da bindigogi a fili da littafin doka a hannu, suna tsayawa nesa suna kallon yadda ake tsayar da baƙaƙe. Dokar jahar ta yarda da haka a lokacin. Ran 2 ga Mayu 1967 suka shiga majalisar jaha a Sacramento da makamansu, kafin ƙarshen watan Yuli gwamna Ronald Reagan ya sa hannu ga dokar hana yawo da bindiga mai harsashi a fili. Ban ce dokar ba ta da amfani ba. Na ce dai an ga wanda ya ɗauki bindiga kafin a tuna da haɗarinta.

Wani zai ce maganin abin a rage bindigogin baki ɗaya. Ni ma da a ce ni ake tambaya, ba zan so ƙasar da kowa ke zuwa kasuwa da bindiga ba. Amma wannan wata muhawara ce, kuma Amurkawa sun yanke ta ta hanyar majalisunsu da kotunansu. Tun da sun zaɓi haka, wajibi ne su biya kuɗin zaɓinsu. Ba a ce wa mutum ga ƴancinka, sa'annan a ce duk wanda ya yi aiki da shi ya zama abin zargi.

Abin da nake gani ya dace ba mai wuya ba ne. Ƙa'ida ta zama ɗaya a ƙasar duka game da faɗa ko shiru, cikin kalmomin da ɗan makarantar yaƙi da jahilci zai gane. Ni na fi son a ɗora tambayar bisa ɗan sanda, ya yi ta tun farko, kafin ya nemi kowace takarda, domin shi ya san lokacin da ya shirya jin amsa. In direba ya ce akwai, doka ta rubuta abin da ɗan sanda zai faɗa, ɗaya bayan ɗaya: bar hannunka bisa sitiyari, ina take, ina parminka yake, kada ka motsa sai na ce. Wanda ya tsallake wannan ya yi harbi, kotu ta tambaye shi dalilin tsallakewar, ba tsoronsa kaɗai ba. Kuma wanda ya faɗi gaskiya da bakinsa, a lissafa masa ita a matsayin shaidar cewa ba mugu ba ne, domin wanda ke nufin harbin ɗan sanda ba ya fara sanar da shi.

An ɗan taɓa wani abu a Minesota. A 2020 majalisar jahar ta hana hukumomin ƴan sanda ba ma'aikatansu irin horon nan da ke koya musu ɗaukar kansu mayaƙa a fagen fama, irin wanda Yanez ya taɓa halarta a 2014. Valerie Castile kuma ta yi ta bin ma'aikatar tsaron jama'a har aka ƙara sabon sashe cikin littafin da masu neman parmi ke karantawa. Sashen ya ce direban da ke da bindiga ya bar hannuwansa bisa sitiyari, ya sanar da ɗan sanda, ya faɗi inda take, kada ya kai hannu ko'ina. Ya kuma faɗi abin da direba zai sa rai daga wajen ɗan sanda. Littafin shawara ce, ba doka ba, kuma dokar jahar tana nan yadda take: sai in an tambaya. An sanar da sabon sashen ran 6 ga Yuli 2020, ranar da ɗanta ya cika shekara huɗu da rasuwa.